Ƙaramar Kyamara da Wayar Hannu: Muhawara a Kan Ingancin Hoto a Ƙasar Gobir

Daga cikin mas'alolin da zamani ya zo mana da su, waɗanda magabata ba su riske su ba balle su bar mana hukunci a kansu, akwai wata da ake yawan ja-in-ja a kanta a rumfunan masu hoto da majalisun samari na Sabon Birni da Isa, har wani lokaci a tashi baram-baram, ita ce: shin ƙaramar kyamarar nan ta sakawa aljihu, wadda ba ta cin fim, tana da sauran wata martaba da za a fitar da kuɗi a saye ta dominta, ko kuwa wayar hannu ta riga ta rufe mata kasuwa har abada? Dattawan sana'a, waɗanda suka yi shekaru suna yawo da ita daga gidan suna zuwa gidan biki, sun tafi a kan cewa hoton waya ado ne kawai, ba ya jure bincike; samari kuwa suna ganin wannan magana ba komai ba ce face ƙyashin mutumin da cinikinsa ya mutu. Da yake kowane ɓangare yana da hujjar da ba a iya ture ta da hannu ɗaya, kuma kowannensu yana da wurin da yake runtse ido, ya kyautu a baje dalilan a faifai, a auna su da ma'aunin insafi.

Sana'ar hoto ta daɗe a Afirka ta Yamma, kuma a garuruwa da yawa na Arewa da na Nijar Yarbawa ne suka fara kafa rumfunanta, abin da Bagobiri ba zai so a tuna masa ba a gaban taubashinsa Bayarabe, don ya san tsiyar da za ta biyo baya. A wancan lokaci mai hoto yakan ɗauka, ya jira fim ya cika, ya kai birni a wanke, wanda aka ɗauka kuwa ba zai san ko ya ƙifta ido ba sai ranar da aka miƙo masa. Kyamarar da ba ta bukatar fim wani injiniyan kamfanin Kodak ne, Steven Sasson, ya fara haɗa ta a Amurka a 1975. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta ci daƙiƙa 23 kafin ta gama ajiye hoto guda a kan kaset. A 1995 kamfanin Casio na Japan ya fito da QV-10 mai ɗan allo a baya, wanda mutum zai duba ya ga abin da ya ɗauka nan take, daga nan fa kasuwa ta buɗe, har ya zama a shekarar 2010 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun fitar da kimanin miliyan 121, mafi yawansu irin waɗannan ƙanana. Zuwa 2023 adadin bai kai miliyan 8 ba. Kodak ya durƙushe a 2012, Casio kuma ya daina yin ƙananan kyamarori a 2018. A nan samari sukan tsaya su ce ga ijma'in duniya ya tabbata, sai a rufe littafi. Amma yawan masu saye dalili ne a kan sauƙi da araha, bai zama dalili a kan inganci ba, saboda haka da sauran magana.

Asalin al'amarin duka haske ne. Tun wajen shekara dubu da suka wuce Alhasan ɗan Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Misira, ya tabbatar a cikin Kitabul Manaziri cewa gani yana samuwa ne da hasken da ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ba da wani haske mai fita daga ido ba, ya kuma gwada yadda haske ke ratsa 'yar kafa ya shiga ɗaki mai duhu ya sauka a bango. Kyamarar yau, kome tsadarta, wannan ɗakin ne aka ƙanƙanta, aka sa gilashi a bakin kafar, aka kuma ajiye a madadin bango wani ɗan faranti da masu sana'a ke kira sensa. Fuskar farantin a rarrabe take ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo yana auna rabonsa na haske, kuma miliyan guda na waɗannan shi ne megafiksel ɗin da mai kanti ke cika wa mutane kunne da shi. To, farantin da ke cikin galibin ƙananan kyamarori tsawonsa milimita 6 ne da 'yan kai, faɗinsa 4 da rabi, watau ya gaza filin hoto guda na tsohon fim, mai milimita 36 da 24, da kusan ninki talatin. Misalinsa kamar gonar gado ce a fadama: idan magada biyar ne kowa ya sami abin nomawa, idan kuwa suka kai ashirin, gonar ba ta ƙaru da taƙi ɗaya ba, rabon kowa ne ya ƙanƙance. Haka kamfanoni suka yi ta cusa megafiksel 14 da 16 da 20 a farantin da a da yake ɗauke da 8, kowane ɗigo ya tashi da haske kaɗan, hoton ya riƙa fitowa da tsaki-tsaki da zarar rana ta yi sanyi. Masu ƙera waya sun gane wannan illa, shi ya sa wayar da aka rubuta mata 48 ko 50 takan haɗa magada huɗu-huɗu su yi noman gandu, ta fitar da hoto mai 12 ko kusa da haka.

A kan wannan tushe masu waya suka kafa babbar hujjarsu, kuma haƙiƙa tana da ƙarfi. Suka ce wayoyi da yawa na matsakaicin kuɗi yanzu farantinsu ya kai na ƙaramar kyamara, wasu ma sun fi shi; ƙofar da haske ke shiga kuwa a waya takan kai f/1.8, alhali a kyamarar aljihu takan fara daga wajen f/3.3 ko f/3.5, kuma da yake lambar tana ƙanƙancewa ne gwargwadon faɗin ƙofar, ma'anar wannan ita ce waya tana shigar da haske kusan ninki huɗu a cikin lokaci guda. Daɗin daɗawa, waya ba hoto ɗaya take ɗauka ba idan an taɓa ta, tana ɗaukar da yawa ne a jere cikin ƙiftawar ido, ta ɗora su a kan juna, ta zubar da tsakin da bai dace da na sauran ba, ta riƙe abin da suka yi ittifaƙi a kansa; kamfanin Google ya shahara da wannan hikima tun 2018, sauran kuma suka bi sahu. Duk wanda ke shakka ya je makarantar allo bayan sallar isha'i, lokacin da almajirai suka kewaye wutar kara, ya gwada na'urorin biyu. Kyamarar aljihu, in an hana ta kunna filashi, za ta ba shi baƙin duhu da jan tabo a tsakiya da wasu inuwoyi masu tsaki. In an bar ta ta kunna, sai ta haske yaran gaba fau, ta kashe hasken wutar, wurin ya tashi daga kamanninsa. Waya mai kirki kuwa za ta fito da allunan da ke jingine, da rubutun da ke kansu, da buzun malam, da jan hasken a goshin yara, ko da yake yaron da ke rausaya kai yana karatu zai fito a shafe, domin hotunan da aka ɗora ba su same shi wuri ɗaya ba. A fagen dare dai gaskiya tana tare da samari, kuma dattijon da ya yi musun wannan son rai ne ya ja shi.

Haka kuma batun sauri. Tsofaffin ƙananan kyamarori sai sun yi ta laluben daidaito, gilashi ya matsa gaba ya dawo baya, kafin su yarda su ɗauka, har wani lokaci rabin daƙiƙa ya wuce tsakanin dannawa da ɗauka; a filin kokawa kuwa rabin daƙiƙa ya isa a yi kaye a tashi, mai hoto ya koma gida da hoton ƙura da ƙafafun 'yan kallo. Gwanaye suna da dabarar danna maɓalli rabi tun kafin abin ya auku, su riƙe numfashi, sa'an nan su ƙarasa a kan kari, amma wannan gwanintar mutum ce, ba falalar na'ura ba. Waya kuwa tun kafin a taɓa ta tana ta tara hotuna a ɓoye, da an danna sai ta miƙo wanda ya dace da lokacin.

Sai dai idan aka fito fili da rana, aka kuma nisanta daga abin da ake so a ɗauka, sai alƙalami ya juya. Gilashin waya, a galibi, ɗaya ne mai faɗin gani, ba ya motsi. Abin da samari ke yi da yatsu biyu suna buɗe allo ba jawo nesa ba ne, yanke tsakiyar hoton ne a kumbura shi, ɗigon da babu kuma na'ura ta ƙiyasta ta cike. Idanu uku ko huɗu da ake jerawa a bayan wayoyi masu araha kada su ruɗi kowa, domin sau da yawa ɗaya ne ke aikin, sauran 'yan rakiya ne masu megafiksel 2. Ƙaramar kyamara kuwa gilasanta suna tafiya da gaske a cikin bututu, ko mafi ƙasƙanci tana jawo abu ninki uku zuwa biyar ba tare da ta zubar da ɗigo ɗaya ba, wasu kamar Canon PowerShot SX740 ta 2018 har ninki 40, kuma duk da haka tana shiga aljihun kaftani. Fa'idar wannan a ƙasarmu a bayyane take, domin akwai wurare da yawa da ladabi ya hana mutum kusanta: ranar naɗin sarauta ko hawan salla a ƙofar Sarkin Gobir, ba kowa ne dogarai za su bari ya matso ya tura wa sarki waya a fuska ba, kuma ko an bar shi bai kamata ba, mai kyamara yana tsaye can bayan taro, a gindin bango, zai kamo naɗin rawani da aikin da ke wuyan riga da adon linzamin doki, har da yadda mai busa ya kumbura kumatu. Haka wanda ke wannan gaɓa ta gulbin Rima da damina yana son hoton jirgin fito a tsakiyar ruwa, ko ɗalibin tarihi da ya je kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗi a 1808, yana neman ya ɗauko ragowar ganuwa daga nesa yadda za a gane tsarinta. Masu waya sukan amsa da cewa akwai wayoyi masu gilashin nesa na gaske, ninki biyar har goma, kuma haka ne. Amma a tambaye su kuɗin irin wannan waya, sa'an nan a tambaye su mutum nawa ke riƙe da ita daga Gatawa zuwa Isa.

Akwai kuma wata jarrabawa da ranar ƙasarmu ke yi wa kowace na'ura, wadda waɗanda suka ƙera ta a ƙasashen hazo da sanyi ba su cika tunawa da ita ba, ita ce baƙar fuska a ƙarƙashin farin rawani da tsakar rana. Na'ura tana auna hasken wurin gaba ɗaya ne ta ɗauki tsaka-tsaki, to idan ta bi farin shadda sai fuska ta zama baƙin tabo da haƙora, idan ta bi fuska sai rigar ta ƙone fari fat, aikin da maɗinki ya yi wata guda yana yi ya ɓace. Wannan ciwo tsoho ne. A shekarun 1950 katin gwajin da Kodak ya riƙa rarraba wa masu wankin hoto don daidaita launi hoton Baturiya ne a kansa, aka gina ma'aunin kyau a kan farar fata. Maganin mai kyamara shi ne ya kunna filashi ko da rana tsaka, domin filashinta bututu ne mai iskar zenon da ke tartsatsi sau ɗaya da ƙarfi, ya cike inuwar da ke ƙarƙashin rawani muddin mutum bai wuce taku uku ko huɗu ba, ya kuma tsayar da motsi cak. Wutar waya kuwa 'yar tocila ce, rana ba ta ma san an kunna ta ba. Maganin waya shi ne ta ɗauki mai duhu da mai haske ta gauraya. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, mai Tecno da Itel da Infinix, ya ci kasuwar Afirka ne, ban da araha da batir mai jimiri, saboda ya daidaita kyamarorinsa su riƙa neman baƙar fuska su haskaka ta, kuma dole a yaba masa da ya tuna da mutanen da wasu suka manta.

Amma fa a daidai nan ne gizo ke saƙar, kuma a nan ne nake ganin dattawa sun fi samari hangen nesa, ko da yake ba kullum suke iya bayyana abin da ke damunsu ba. Wayar da aka koya wa neman fuska ba ta tsaya ga haskaka ta ba; tana murje fata, tana share ƙuraje da tamoji, wani lokaci ta ƙara fari, kuma a wayoyi da yawa wannan kwaskwarima a kunne take zuwa daga kamfani, musamman a kyamarar gaba, mai ita bai nema ba. Na'urar ba ta san bambancin tabon ƙurji da tsagar gado ba. Ga Bagobiri kuwa zanen da ke kumatunsa, wanda ke tashi daga gefen baki ya baje zuwa wajen kunne, wanda aka saba lissafawa shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, shi ne takardar asalinsa. A fuskar tsoho layukan sun riga sun lafa, sun shiga cikin tamoji, sai hasken da ya zo ta gefe, irin na hantsi ko na la'asar, ke tayar da su, kowane layi da 'yar siririyar inuwarsa. Irin wannan siririn bambanci shi ne farkon abin da murjewa ke cinyewa. Ba abin mamaki ba ne a miƙa wa dattijo waya ya duba ya ce, "Ɗana, hoto ya yi kyau, amma wagga huska ta wa ta? Ina zanena yat tahi?" yaro ya ce, "Baba, ai gyara wayar tay yi maka," shi kuma ya ce, "Wanzamin da yay yi mini shi bai bar wurin gyara ba." Abin dariya ne a majalisa, amma idan aka tuna cewa al'adar tsaga tana ja da baya, dokar tarayya ta kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana ta, kuma yaran da ake haifa yanzu mafi yawansu fuskarsu a shafe take, za a gane cewa masu ɗauke da wannan zane a yau la'alla su ne na ƙarshe, kuma hoton da aka yi musu shi ne kaɗai shaidar da jikoki za su gani.

Malamai sun daɗe suna saɓani a kan hukuncin hoto, kuma ba ni da hurumin shiga tsakaninsu; sai dai yana da kyau a tuna cewa Shaihu Muhammadu Bakhit al-Muɗi'i, Muftin Misira a farkon ƙarni na 20, da ya wallafa risalarsa ta halatta hoton kyamara, ya kafa hujja ne da cewa wannan aiki tsare inuwa ne kawai, ba ƙaga sura ba. Wanda ya yarda da wannan illa ya dace ya tambayi kansa matsayin na'urar da ba ta tsaya ga tsare inuwar ba, sai da ta ƙara ta kuma rage. A 2023 an yi ta cece-kuce a duniya bayan da aka gwada wasu wayoyin Samsung aka ga suna ƙara wa hoton wata zane-zanen da gilashinsu bai gani ba, domin an riga an koya musu kamannin wata. A ƙasar da jama'a ke sauraron sanarwar Sarkin Musulmi a kan ganin jinjirin wata, ba sai an yi wa kowa dogon sharhi a kan bambancin wanda ya gani da wanda ya ƙiyasta ba.

Masu waya ba su rasa amsa a nan, kuma adalci ya wajabta a saurare su. Suka ce kwaskwarimar nan ana kashe ta da taɓawa biyu, laifin na mai hannu ne da bai koyi na'urarsa ba. Suka ce kuma ita ma ƙaramar kyamara ba waliyyiya ba ce: launin da take bayarwa lissafi ne, kaifin da take ƙara wa gefen abubuwa lissafi ne, kuma idan haske ya ragu, a ƙoƙarinta na share tsaki takan dame gashi da saƙar tufa da wannan zanen fuskar da ake kuka a kansa, har ya fi na waya muni, Casio ma da kansa ya yi shekaru yana sayar da wasu kyamarori a ƙasar Sin waɗanda ba a saye su don komai ba sai don gyaran fuska. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ya rage na bambanci shi ne, kuskuren tsohuwar kyamara kuskure ne bayyananne, mai duba ya ga tsaki ko damewa ya san na'ura ta gaza; kuskuren waya kuwa yana zuwa ne da kyakkyawar siffa, ba wanda zai yi zargin an taɓa wani abu, kuma kuskuren da ba a gani ya fi wuyar gyara.

Sa'an nan ga ƙura, wadda a wajenta kyamarar aljihu ba ta da mafaka. Bututun nan da ke fitowa ya koma duk lokacin da aka kunna yana zuƙar iska ne, iskar hunturu kuwa a ƙasar Gobir kowa ya san abin da take ɗauke da shi. Wata rana sai a kunna a ji ƙiƙi-ƙiƙi, bututu ya tsaya rabi a karkace, allo ya rubuta cewa gilashi ya sami matsala, shi ke nan, domin mai gyaran waya yana kowace kasuwa amma mai gyaran wannan sai an nemo shi a manyan birane, kuma kuɗin mota da na gyara sukan zarce kuɗin kyamarar. Gilashin waya a rufe yake ruf, gefen riga ya ishe shi. Batir ma haka: mai cajin waya da janareto ko sola yana da igiyar kowace waya, amma batirin kyamara kowane kamfani da nasa, idan ya kumbura ko cajarsa ta ɓace sai a jingine ta, in ban da irin tsofaffin nan masu cin batir biyu na rediyo, waɗanda har yau suke da wannan falala a ƙauyen da babu lantarki.

Halin da gabashin Sakkwato ya shiga na 'yan bindiga, wanda tun wajen 2019 ya tilasta dubban mutane ƙetarawa zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Rumji, shi ma ya shigo cikin lissafin, kuma ya yanki kowane ɓangare. Baƙon da ya fito da kyamara a kasuwa yau sai an tambaye shi wanda ya aiko shi, alhali mai waya yana ɗaukar abin da ya ga dama ba wanda ya ɗaga kai. A ɗaya hannun, waya tana tare da mai ita a kan hanya, in ta salwanta ta tafi da hotunan iyaye da na 'ya'ya gaba ɗaya, katin kyamara kuwa ana iya zare shi a ajiye a ƙasan akwati. Babbar falalar waya, watau aikawa nan take, ita ma ba a hannun mai ita take ba, kamar yadda aka gani a watan Satumba na 2021 lokacin da aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa.

Wani abin da ɓangarorin biyu suka yi tarayya wajen gafala da shi shi ne, mafi yawan ingancin da ake jayayya a kansa ba a wurin ɗauka yake lalacewa ba, a wurin aikawa ne. Hoto mai megafiksel 12 idan aka tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, sai an matse shi ya koma wajen 2 ko ƙasa da haka, wanda aka tura wa ya sake turawa, wani ya ɗauki hoton allo ya tura, har ya iso hannun mai wanki a ragargaje, a zo ana zargin kyamara ko injin. Alhali lissafin wanki mai sauƙi ne: ana son ɗigo 300 a kowane inci, saboda haka hoto mai inci 4 da 6 megafiksel 2 da ɗan ɗori yake bukata, mai girman takardar A4 kuma kusan 9. Ke nan kyamarar da aka yi a 2010 mai megafiksel 10 ta wadatar ga hoton da za a rataye a zaure, in dai daga katinta aka kai wa mai wanki kai tsaye, ko aka aika shi a matsayin fayil yadda ba za a matse shi ba.

Abin da ya rinjaya a wurina shi ne, ga mai son hoton yau da gobe, da na dare, da na aika wa ɗan'uwa a Kano ko Maraɗi, waya ta ishe shi, sayen kyamara a gare shi almubazzaranci ne. Ga mai sana'a da ke ɗaukar taro daga nesa, da malamin makaranta ko ɗalibin da ya ƙudura niyyar taskace fuskokin dattawan Gobir da kufan garuruwansu, kyamara tana da sauran aiki, da sharaɗin a yi shi da rana, a zaunar da mutum inda haske zai zo masa ta gefe, a ja baya a jawo shi da gilashi don kada hanci ya kumbura kamar yadda yake yi a hoton kusa na waya. Wanda Allah ya hore wa ya nemi irin mai babban faranti, kamar jerin Sony RX100 da aka fara a 2012, wadda farantinta ya ninka na sauran sau huɗu, domin ita ce ta rage yawancin aibobin da aka lissafa a sama in ban da ƙura da batir. Galibi dai ta hannu za a samu, kuma kuɗinta ya tashi a 'yan shekarun nan, saboda samarin Turai da Amurka sun koma neman tsofaffin kyamarori don sha'awar wannan tsakin da filashi mai kashe ido da namu ke gudu. Mai saye ya kunna ta ya kashe sau da yawa yana sauraron bututu, ya zare batir ya duba ko ya kumbura, sa'an nan ya jawo gilashi har ƙarshe ya ɗauki hoton sarari ko farin bango, ya buɗe shi a allo; in ya ga wani dusasshen tabo da ke zama wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ta riga ta kai ga farantin, sai ya mayar wa mai ita ko a sake ciniki.